Yadda marasa aiki suka haɗa kai a karayar arzikin shekarun 1930: tambayoyi da amsoshi

Daga ƙarshen 1929 zuwa farkon Yaƙin Duniya na Biyu, miliyoyin magidanta a Amurka da Birtaniya sun wayi gari ba su da wurin zuwa da safe. Wasu sun kulle kansu a ɗaki saboda kunya, wasu kuma sun kafa ƙungiyoyi. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi kan waɗannan ƙungiyoyi: yadda ake kafa su, aikinsu na yau da gobe, abin da ya ci da abin da ya faskara.

Wane irin hali ake ciki har aka kai ga kafa ƙungiyar marasa aiki?

Kasuwar hannun jari ta Niyok ta ruguje a Oktoban 1929, masana'antu suka shiga sallamar ma'aikata. Zuwa 1933 kusan mutum miliyan 13 ne ba su da aiki a Amurka, wato ɗaya cikin kowane ma'aikata huɗu. Abin da ya ƙara wa lamarin zafi shi ne a lokacin babu inshorar rashin aiki ta ƙasa ko kaɗan. Wanda aka sallama sai ya cinye ɗan abin da ya tara, ya ci bashin mai kanti, ya jinginar da agogo da zoben aure, sannan ya doshi ofishin tallafi na ƙaramar hukuma ko wata ƙungiyar agaji. Shugaba Herbert Hoover ya daɗe yana cewa ciyar da mabukata aikin garuruwa ne da masu hali, ba na gwamnatin tarayya ba. Asusun garuruwa kuwa ya ƙafe. A 1932 iyalin da suka yi sa'ar shiga jerin masu karɓar tallafi a Niyok suna samun kimanin dala 2.39 ne a mako.

Birtaniya tana da inshora, amma a 1931 gwamnati ta zaftare kashi 10 cikin 100: abin da namiji baligi yake karɓa a mako ya sauko daga sule 17 zuwa sule 15 da kwabo 3. Sannan ta kawo binciken samun gida, wato binciken kuɗin da ke shigowa gidan mutum. Idan mutum ya cinye makonni 26 na inshorarsa, sai jami'i ya zo har gida ya ƙirga abin da ɗansa ko 'yarsa suke samowa, ya leƙa kayan ɗaki, a cire daga abin da za a ba shi. Samari da yawa sun bar gidan iyayensu don kada albashinsu ya sa a yanke wa uba tallafi.

Me ya sa haɗa kan marasa aiki ya fi haɗa kan ma'aikata wuya?

Ma'aikaci yana da makami: ya ajiye aiki, injin ya tsaya, mai kamfani ya ji a aljihunsa. Wanda ba shi da aiki ba shi da abin ajiyewa. Ba shi da ƙofar masana'anta da zai haɗu da 'yan uwansa kullum a lokaci guda, ba shi da kuɗin biyan ƙungiya, kuma burinsa na farko shi ne ya bar wannan hali, wato ranar da ya sami aiki ƙungiya ta rasa shi. Ga kuma kunya. A farkon shekarun, magidanta da yawa sun ɗauka laifinsu ne, har wani yakan sa kayan aiki da safe ya fita don kada maƙwabta su gane.

Saboda haka ƙarfin da ya rage musu uku ne: yawa, tsayawa a wurin da hukuma ba ta so a tsaya, da sanin ƙa'idar tallafi fiye da magatakardan da ke zaune a bayan tebur. Duk ƙungiyar da ta ɗore, a kan waɗannan ukun ta ɗore.

Su wa suka fara wannan aiki?

A Amurka jam'iyyar kwaminis ce ta riga kowa. Ta kira zanga-zanga ranar 6 ga Maris 1930 a manyan birane. A dandalin Union na Niyok dubban mutane suka fito, 'yan sanda suka far musu da kulki, aka ɗaure jigon jam'iyyar William Z. Foster da wasu abokansa. A farkon Yulin shekarar wakilai 1,320 suka hallara a Shikago suka kafa Majalisun Marasa Aiki na ƙasa, waɗanda daga baya Herbert Benjamin ya jagoranta.

'Yan jam'iyyar gurguzu masu sassauci sun bi tasu hanyar, musamman kwamitin ma'aikata na Shikago ƙarƙashin Karl Borders tun 1931. Sai mabiya A. J. Muste, tsohon limamin coci, waɗanda suka yi ƙarfi a ƙananan garuruwan jihohin Ohio da Pennsylvania, suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a Columbus a Yulin 1933. Babbar tarayyar ƙwadago ta AFL kuwa ta naɗe hannu. Ba ta ma amince da inshorar rashin aiki ba sai ƙarshen 1932.

A Birtaniya ƙungiyar marasa aiki ta ƙasa, NUWM, ta girmi karayar arzikin, domin tun 1921 aka kafa ta, kuma Wal Hannington, ƙwararren makerin kayan inji, shi ne jigonta. Ita ma jam'iyyar Leba da babbar ƙungiyar ƙwadago ta TUC sun guje ta saboda alaƙarta da 'yan kwaminis.

A aikace, yaya ake kafa reshe a unguwa?

Da farko 'yan kwaminis sun so su tara marasa aiki bisa sana'a da masana'antar da ta sallame su. Bai yi tasiri ba, domin mutum ya riga ya rabu da masana'antar. Daga 1931 aka koma bin unguwa, a nan ne abin ya kama.

Masu shiri biyu ko uku sukan fara da wuraren da mutane suke jira: layin karɓar miya da burodi, ƙofar ofishin tallafi, ofishin neman aiki, gidajen kwanan gwauraye. Mai jira yana da lokacin sauraro. Daga nan sai bin gida-gida a layi guda, ba da wa'azin siyasa ba, da tambayoyi: Wata nawa ake bin ku haya? An ba ku takardar tashi? An yanke gas? Kun nemi tallafi, me aka ce muku? Amsoshin nan ake rubutawa, su ne jarin ƙungiya.

In an sami gidaje kaɗan da suka yarda, sai a kira taro a falon wani ko ɗakin ƙasa na bene, a zaɓi kwamitin layi. Kwamitocin layuka su tura wakilai majalisar unguwa, unguwanni su tura majalisar gari. Majalisar unguwa tana buƙatar wurin zama da kowa ya sani, galibi shagon da ya mutu wanda ake samu da araha ko kyauta, da murhu a lokacin sanyi, da injin gurza takarda na hannu don buga sanarwa. Ana raba aiki: masu kula da ƙorafin tallafi, masu kula da korar 'yan haya, masu neman kuɗi da abinci, masu hulɗa da lauya. NUWM tana karɓar kwabo ɗaya a mako, a manna wa mutum kan sarki a katinsa. Kuɗin ba wani abu ba ne, amma zuwa biyansa yana sa a ga fuskar mutum kowane mako.

Kuskuren da aka fi yi a wannan mataki shi ne cika taro da dogon jawabi kan siyasar duniya alhali wanda ya zo yana da takardar kotu a aljihu. Irin wannan reshe yakan cika a mako na farko, a mako na uku ya rage masu shiri kaɗai. Reshen da ya ci nasara a kan matsalar gida guda cikin kwanakin farko, labarinsa ne yake kawo masa mutane.

Yaya ake hana fitar da iyali daga gidan haya?

Wannan ne aikin da ya fi sa mutane su yarda da ƙungiya, domin sakamakonsa a ido yake. Mai gida yana kai ƙara, kotu ta ba da umarni, jami'in kotu ya zo da 'yan dako su fitar da kaya bakin titi, a garƙame ƙofa da kwaɗo. Daga nan aikin kwamiti yake farawa.

Abu na farko saurin labari. Yara ne 'yan aike. A unguwar baƙar fata ta kudancin Shikago ya zama ruwan dare uwa ta ga jami'in kotu ta ce wa ɗanta ya ruga ya kira 'yan kwaminis. Mutanen da ke zaune a ofishin majalisa ko a dandalin Washinton na unguwar sai su taso a jere, suna tafe jama'a na ƙaruwa. Galibi ana jira jami'in da 'yan dakonsa su tafi, domin fito-na-fito da shi laifi ne babba, mayar da kaya bayan ya tafi kuwa ƙarami ne. Wani ya hau kujera ko matakala ya yi wa taron magana don hankali ya koma kansa, wasu su ɓalle kwaɗon, sauran su yi layi. Gado da murhu ake fara shigarwa, domin da su gida yake zama gida, sai tebur, kujeru, ƙullin tufafi, tukwane. Cikin ɗan lokaci titi ya koma fayau. Sai a bar mutum kaɗan su kwana gadi, gobe da safe kuma tawaga ta raka iyalin ofishin tallafi a nemi a biya haya.

Dalilin da ya sa dabarar take ci lissafi ne. Kowace fitarwa mai gida ne yake biyan jami'in kotu da 'yan dako. In aka mayar da kaya, sai ya sake biya, kuma ko ya yi nasara ɗakin zai zauna ba kowa, tunda masu iya biyan haya sun yi ƙaranci. Da yawa sukan gwammace su karɓi rabin haya daga ofishin tallafi. Da babu gara ba daɗi.

Inda abin yake ɓaci shi ne in taron ya yi kaɗan, ko 'yan sanda suka riga jama'a isowa, ko wani ya fara jifa. Ranar 3 ga Agusta 1931 a Shikago, wajen mayar da kayan wata tsohuwa baƙar fata, 'yan sanda suka buɗe wuta suka kashe baƙaƙen fata uku. Dubban mutane, baƙi da fari, suka raka gawarsu, magajin gari Anton Cermak ya sa aka dakatar da korar 'yan haya na wani lokaci. An sami sauƙin, amma da jini aka saye shi, kuma bai daɗe ba.

Akwai kuma abin da masu shiri na gari suke lura da shi: ba kowane mai gida ne attajiri ba. Wani shi ma banki na shirin ƙwace gidan. Shi ya sa buƙatar da ta fi ma'ana ita ce hukuma ta biya hayar, ba a bar talaka biyu suna kokawa ba. A unguwar Bronx ta Niyok an ɗauki wani salo a farkon 1932: mazauna bene gaba ɗaya su daina biyan haya sai an rage, mata ne kuma a gaba wajen tsare ƙofa.

In an yanke wuta ko gas fa?

Cikin marasa aiki akwai masu gyaran lantarki da masu haɗa famfo. Su ne suke zagayawa bayan ma'aikacin kamfani ya tafi, su buɗe bututun gas, ko su tsallake mita da waya. Haramun ne a doka, kuma waya mara kyau tana iya tayar da gobara, bututun da ba a ɗaure da kyau ba yana iya kashe masu barci. Saboda haka rassan da suka san abin da suke yi ba sa barin kowa ya taɓa sai mai sana'ar.

Me ake yi a ofishin tallafi?

Mutum ɗaya in ya je, a ce masa ya dawo mako mai zuwa, sai ya sunkuyar da kai ya tafi. Ƙungiya ta sauya wannan. Kwamitin ƙorafi yana tattara shari'o'i a rubuce: suna, adireshi, yawan yara, ranar da aka nema, amsar da aka bayar, abin da ake buƙata yau, ko takardar abinci ce, ko kwal, ko takalmin makaranta, ko madarar jariri. Sai tawagar mutum goma zuwa ashirin ta tafi tare da masu ƙorafin kansu. Ba a tsayawa wurin magatakarda. Shugaban ofis ake nema. Mutum ɗaya ne yake magana, yana bin takarda ɗaya bayan ɗaya, saura su yi shiru su cika ɗakin. In aka ce sai gobe, sai a yi zaman dirshan. Jami'in da ya san akwai wasu ɗari a waje yakan gano cewa ashe akwai ragowar takardun abinci a aljihun tebur.

Manyan yanke-yanke kuwa sai da babban taro. A Oktoban 1932 aka sanar za a rage tallafin abinci da rabi a Shikago. 'Yan kwaminis da 'yan gurguzu, waɗanda ba sa ga maciji, suka haɗa kai, kimanin mutum 25,000 suka yi maci ranar 31 ga watan, aka janye ragin bayan an samo rancen tarayya.

A Birtaniya, da yake akwai doka a rubuce da kotunan ɗaukaka ƙara na masu neman inshora, NUWM ta mayar da hankali ga sanin ƙa'ida. Tana da sashen shari'a, tana buga 'yan littattafai na kwabo kan haƙƙin mai nema, wakilinta yana raka mutum gaban kwamiti ya yi magana a madadinsa. Wannan aiki ba ya shiga jarida, amma shi ne ya riƙe rassan tsakanin maci da maci.

Hukuma ma ta koyi darasi. A farkon 1933 Shikago ta buɗe ofishin ƙorafi guda a tsakiyar gari, ta hana tawagogi shiga ofisoshin unguwa. Da taron jama'a ya koma wakili ɗaya riƙe da fayil, ƙarfin ya ragu sosai.

Ba za su iya taimakon kansu da kansu ba, ba sai sun jira gwamnati ba?

An gwada, kuma gwajin da ya fi girma a birnin Siyatul na Amurka aka yi, inda aka kafa ƙungiyar 'yan gari marasa aiki a tsakiyar 1931. Sun nemi izinin sare itace a filayen masu katako, sun roro dankali da 'ya'yan itacen da manoma suka kasa sayarwa, sun ari jiragen kamun kifi, sun buɗe rumbunan rabo a unguwanni, masu aski da masu gyaran takalmi da teloli suna yi wa juna aiki. Har hukumar gari ta damƙa musu rabon tallafi.

Iyakar abin ta bayyana da wuri. Itace da dankali ba sa biyan haya, ba sa sayen man mota ko magani. Kaka tana wucewa, yawan mabukata kuwa yana ƙaruwa. Da 'yan siyasar da ƙungiyar ta taimaka suka hau mulki, sai aka karɓe rabon daga hannunta aka ba jami'an gwamnati. A Fabrairun 1933 'yan ƙungiyar da suka fara da sarar itace sun kai ga mamaye ginin hukumar gari na kwanaki.

Yaya ake shirya tattakin yunwa, kuma yana da amfani?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Makonni kafin a tashi ake tura 'yan gaba su bi hanya gari-gari, su nemi wurin kwana da wanda zai dafa abinci. Rassa ne suke zaɓen masu tafiya, a duba lafiyarsu da takalminsu. Kowace runduna tana da shugaba, ma'aji, masu girki, mai gyaran takalmi da masu ba da agajin gaggawa, kuma abin da ya fi kayar da mutane shi ne bororon ƙafa da ruwan sama. A Birtaniya masu tattakin NUWM sukan kwana a gidajen gajiyayyu na hukuma, inda ake ta ja-in-ja domin sun ƙi a ɗauke su mabarata a sa su aikin dole kafin a sallame su.

Na 1932 ya tashi daga sassan ƙasar, 'yan Sikotland tun ƙarshen Satumba, suka isa dandalin Hyde a Landan ranar 27 ga Oktoba da takardar koke mai sa hannun mutum miliyan ɗaya kan binciken samun gida. 'Yan sanda suka ƙwace takardar, suka kama Hannington. A Amurka da manyan motoci ake tafiya: wakilai kimanin 1,600 sun isa Washinton a Disambar 1931, wasu 3,000 a Disambar 1932, waɗanda 'yan sanda suka killace a kan wani titi a bakin gari cikin sanyi.

Tattakin garin Jarrow na Ingila a 1936 shi ya fi suna. Maza 200 daga garin da aka rufe masa masana'antar ƙera jiragen ruwa suka tashi ranar 5 ga Oktoba, suka isa Landan ranar 31, tare da 'yar majalisarsu Ellen Wilkinson. Tafiyar minti 50, hutun minti 10, tsohuwar bas ɗauke da kaya, ɗaliban likitanci suna duba ƙafafu. Sun nisanci 'yan kwaminis, sun sami tausayin jama'a, amma gwamnati ba ta ba su komai ba. Da suka koma gida ma an yanke musu tallafi, wai ba sa nan da za a ba su aiki. Abin da ya tilasta wa gwamnati ja da baya shi ne na farkon 1935, lokacin da sabon ma'aunin tallafi ya rage wa dubban gidaje kuɗi, garuruwa suka tashi a lokaci guda, kudancin Wales kaɗai mutum wajen 300,000 suka fito a rana ɗaya, mata suka kutsa ofishin tallafi a Merthyr. Cikin kwanaki aka dakatar da ma'aunin. Tattaki mai nisa yana jawo ido, amma matsin da ke faruwa a kowane gari a tare shi ne yake motsa hukuma.

Bambancin launin fata da na addini bai raba su ba?

An yi ƙoƙarin amfani da shi, wani lokaci kuma ya ci. Amma Majalisun Marasa Aiki sun dage kan cewa baƙi da fari a ɗaki ɗaya za su zauna, a zamanin da hakan yake iya jawo wa mutum duka ko kisa a kudancin Amurka. A ƙarshen Yunin 1932 kimanin mutum 1,000, baƙi da fari, suka taru a harabar kotun Atlanta kan yanke tallafi, hukuma ta sako kuɗi. Kwanaki kaɗan bayan haka aka kama Angelo Herndon, baƙar fata ɗan shekara 19 da ya shirya taron, aka tuhume shi da tayar da bore ƙarƙashin wata tsohuwar doka mai asali tun zamanin bauta, aka yanke masa shekara 18 zuwa 20. Sai 1937 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin, alƙalai 5 suka rinjayi 4.

A Belfast ta Ireland ta Arewa, inda Katolika da Furotesta suka daɗe da gaba, waɗanda ake sa aiki kafin a ba su tallafi sun yi yajin aiki tare a Oktoban 1932. 'Yan sanda sun kashe mutum biyu, amma an ƙara kuɗin sosai. Haɗin kan bai ɗore ba. A 1935 rikicin ɗarika ya sake ɓarkewa a garin.

Wane haɗari masu shiga suke fuskanta?

Kulki, barkonon tsohuwa, ɗauri kan zaman banza ko tayar da hankali, korar baƙi 'yan ƙasashen waje zuwa ƙasashensu, da cire suna daga jerin masu tallafi. 'Yan leƙen asiri sun cika rassan, shi ya sa duk wanda ya cika zuga mutane su fasa kanti ake sa masa ido. Mafi muni shi ne na 7 ga Maris 1932, da mutum fiye da 3,000 suka yi maci daga Ditroyit zuwa masana'antar Ford ta River Rouge suna neman a mayar da waɗanda aka sallama, a ba su magani da makamashin hunturu, a daina nuna wa baƙar fata bambanci wajen ɗaukar aiki. A iyakar Dearborn, garin da masana'antar take, aka tarbe su da barkonon tsohuwa da ruwan famfon kashe gobara cikin tsananin sanyi, a ƙofar masana'anta kuma aka buɗe wuta. Huɗu suka mutu a ranar, na biyar daga baya. Ba a hukunta ko mutum ɗaya cikin masu harbin ba.

Ba a yi amfani da marasa aiki wajen karya yajin aiki ba?

Wannan ne babban tsoron 'yan ƙwadago, domin mai yunwa zai karɓi kowane albashi. Ƙungiyoyin sun sa hana hakan cikin aikinsu. A birnin Toledo na jihar Ohio a 1934, yajin aikin kamfanin Auto-Lite ya kusa mutuwa bayan kotu ta taƙaita masu tsaron ƙofa zuwa 25 a kowace ƙofa. Ƙungiyar marasa aiki ta mabiya Muste ta sanar da alƙali a rubuce cewa za ta karya umarnin, ta kuma karya. Taron ya kai dubbai, dakarun jiha suka kashe mutum biyu ranar 24 ga Mayu, a ƙarshe kamfanin ya amince da ƙungiyar ma'aikata ya ƙara kashi 5 cikin 100. Da yawa cikin waɗanda suka kafa ƙungiyoyin ma'aikatan mota da ƙarfe bayan 1935, a majalisun unguwa suka koyi jan taro da magana da hukuma.

To me suka samu a ƙarshe?

Ba su kaɗai suka kawo sauyin ba, amma sun sa yin shiru ya yi wa gwamnati tsada. A Yulin 1932 Hoover ya sa hannu kan rancen dala miliyan 300 ga jihohi don tallafi. A Mayun 1933 gwamnatin Franklin Roosevelt ta kafa hukumar tallafin gaggawa ta tarayya, FERA, da dala miliyan 500 ƙarƙashin Harry Hopkins, sai shirin ayyukan gwamnati na WPA a 1935, mai biyan dala 19 zuwa 94 a wata gwargwadon yanki da ƙwarewa. Dokar tsaron rayuwa ta 14 ga Agusta 1935 ta kawo inshorar rashin aiki.

Ba ita suka nema ba. Ƙudurin da suka goyi baya, wanda ɗan majalisa Ernest Lundeen ya gabatar, ya ce a biya kowane marar aiki har ya sami aiki, da kuɗin harajin masu hali; ƙuri'a 52 ya samu a majalisar wakilai. Dokar da ta wuce ta bar ma'aikatan gona da 'yan aikin gida a waje, wato mafi yawan baƙar fata na kudu. Wannan giɓi ba ƙaramin zalunci ba ne, kuma an daɗe ba a toshe shi ba.

Me ya kashe ƙungiyoyin?

A Afrilun 1936 ɓangarorin nan uku, 'yan kwaminis da 'yan gurguzu da mabiya Muste, suka haɗe cikin Ƙawancen Ma'aikatan Amurka, David Lasser yana shugaba, Benjamin yana sakatare. A watan ne 'yan ƙungiyar suka mamaye zauren majalisar jihar New Jersey a Trenton fiye da mako guda bayan kuɗin tallafi ya ƙare. Daga nan nauyin aiki ya koma Washinton: zama da jami'ai, kare kasafin WPA, goyon bayan 'yan takara. Kwamitin layi ya yi rauni. Dokar 1939 ta tilasta sallamar duk wanda ya yi wata 18 a jere a WPA, wanda ya tarwatsa ginshiƙan rassa. Kwamitin majalisa na Martin Dies ya sa su gaba kan alaƙa da kwaminis, kuma sauye-sauyen matsayin jam'iyyar bisa abin da Mosko ta ce sun kori mutane da dama, har Lasser ya yi murabus a 1940. Sai masana'antun makamai suka buɗe ƙofa suka kwashe 'yan ƙungiya. NUWM ma ta tsayar da aiki da ɓarkewar yaƙi a 1939.

Karayar ta taɓa ƙasar Hausa? An yi irin waɗannan ƙungiyoyi a nan?

Ta taɓa ƙwarai. Farashin gyaɗa ya faɗi a Kano, haraji kuwa da tsabar kuɗi Turawa suke karɓa, manomi ya sayar da buhuna fiye da na da kafin ya haɗa kuɗin. A Jos farashin kuza ya karye, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1931 ta ƙayyade yawan abin da za a haƙa, kamfanoni suka sallami fiye da rabin leburorinsu cikin 'yan shekaru. Amma yanayin ya bambanta da na Shikago ko Jarrow. Mafi yawan leburorin 'yan ci-rani ne masu gona a gida, wanda aka sallama sai ya ɗaure kayansa ya koma ƙauye, dangi su ɗauki nauyin da ofishin tallafi yake ɗauka a can. Gwamnatin mulkin mallaka ba ta da ofishin tallafin da za a je a yi wa zaman dirshan, kuma dokar da ta halatta rajistar ƙungiyoyin ƙwadago a Najeriya sai a 1938 aka yi ta.